Motar da Malam Ya Bari

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, ga wata nan zan ajiye a gabanku. Ba tatsuniya ba ce. A gidana aka yi ta, a Toranke, shekarar da Allah ya karɓi ran Malam.

Malam dai mijina ne. Ba malamin allo ba ne, direba ne, amma haka bakina ya saba kiransa tun ina amarya. Dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya suke shiga zaure. Yana da mota guda, tsohuwa mai dogon baya, da ita yake kwasar mutane da kaya daga Toranke zuwa Ajingi, daga Ajingi zuwa Gaya. Ko da ya saye ta, ta riga ta sha wuya a hannun wasu, shi kuma ya ɗora daga inda suka tsaya. Ni ban yi boko ba, ban san lambobin nan na gaban direba ba, amma na ji ana cewa abin da ke ƙirga tafiyarta ya gaji ya tsaya tun ba yau ba. Duk da haka, in Malam ya tashe ta da safe, ba ka jin komai sai numfashin inji. Zai ja ta da baya daga gindin darbejiyar ƙofar gida, ya miƙe hanya, ni ina madafi ban ma san ya tafi ba sai na ji shiru.

Abu ɗaya ne da shi, ba ya bai wa kowa sitiyarinsa. Ko 'ya'yan cikinsa. Shi ya sa Auta, ƙaramin ɗana, a motar wani ya koyi tuƙi, wata a-kori-kura mai ɗaukar buhuna a Ajingi, har ya shekara biyar yana jan ta ba a taɓa jin ya buge ko kaza ba. Auta ni ya ɗauko, gajere ne, ƙafafunsa irin nawa. A lokacin magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, ɗakinsa yana kallon nawa.

Malam ya rasu ana shirin shuka. Ciwon kwana shida ya yi. Na shiga takaba, motar kuma ta zauna a gindin bishiya, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Da aka yi sadakar arba'in, babban ɗana, wanda bakina ba ya kama sunansa, ya ce zaman mota lalacewarta ne, Auta ya ɗauke ta ya ci gaba da hanyar ubansa kafin a zo rabon gado. Auta ya je ya sallami mai a-kori-kura, aka ba wani a madadinsa.

Safiyar farko ina zaune a kan tabarma da carbi a hannu na ji ta. Ƙarrr! Kamar an ja bakin fartanya a kan dutse. Sai shiru, sai kuma ƙarrr, sannan motar ta zabura da baya kamar jakin da aka tsikara. Na ce a raina zaman da ta yi ne, za ta warware. Ba ta warware ba. Kullum safiya ta Allah sai na ji wannan ƙara, ni kuma ba halin in fita in gani, sai dai in ji da kunne, in ji da ƙirji.

Labari ya fara dawo mini daga bakin masu shigowa gaisuwa. Wai in Auta zai canza giya sai ya yi kokawa da ita, in ta shiga kuma sai ta fizgi mutane. Wata mai kai nono kasuwa ƙwaryarta ta kife a cinyar wani dattijo. Wani mai ƙwai ya rantse ba zai ƙara shiga ba ko kyauta ce. Tsofaffi suka ce motar juyayin mai ita take yi, ƙarfe ma ya san hannun da ya saba. Wata maƙwabciyata ta kawo mini turare ta ce a yi mata hayaƙi. A tasha kuwa, sai ka ga mutum ya tsaya jiran wata motar alhali ga ta Auta da wuri a ciki.

Auta ya kai ta wajen wani bakanike a Ajingi. Bakaniken ya juye man giya ya zuba sabo, ba abin da ya canza. Ya ce to giyabos ɗin ne ya ƙare, wato akwatin da haƙoran giya suke ciki, kuma mota mai waɗannan shekarun ba a yi mata wannan aikin, gara a rabu da ita. Daga nan Auta ya kai ta Gaya, wajen aminin Malam, wani tsohon bakanike da muke kira Alhaji. Shi ne mai duba ta tun ranar da aka saye ta. Shi ma dogo ne, tun suna samari ake ce musu tagwayen giginya. Alhaji ya shiga ya zaga da ita gari, ya dawo ya ce shi bai ji komai ba. Sau biyu ana haka. A hannun Alhaji lafiya lau, Auta na karɓa kafin ya fita daga Gaya ta koma halinta.

Babban ya gaji. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, “Inna, Alhaji kara yake mana saboda Baba. Motar nan ta mutu. Akwai mai sayen tsofaffin motoci yana yankawa, ya ce yana so. Gara a sayar tun tana tashi da kanta.”

Da ya fita, Auta ya shigo ya zauna nesa da ni, yana wasa da bakin tabarma.

“Inna, in aka sayar, ni kudu zan tafi. Abokaina suna can suna acaɓa, sun ce in zo.”

“Matarka fa? Yaran fa?”

“Zan riƙa aikowa.”

Na san masu tafiya kudu. Ɗan maƙwabciyata ya tafi da ƙafa biyu, aka dawo da shi da ɗaya da rabi. Wani kuma shekara bakwai ke nan, uwarsa ko muryarsa ba ta ƙara ji ba. Ni da na binne miji a farkon damina, ga shi kaka ba ta ƙarasa ba ana shirin ɗauke mini wanda nake jin tarinsa ta bayan katanga. Na ce musu su yi mini abu guda, kada a kira mai yanka sai na fita takaba.

Ranar da na fita, na yi wanka na sa sababbin kaya, aka yi sadaka. Washegari na ce Auta ya kai ni Gaya in yi wa dangin Malam bangajiya, daga nan mu biya garejin Alhaji. Na zauna a baya, daidai bayan direba, inda ban taɓa zama ba, don da a gaba nake zama kusa da Malam. Gero ya nuna a gonaki dama da hagu, wasu har sun fara girbi. Ni dai ban kalli gona ba, bayan ɗana nake kallo. Kowace canzawar giya sai na ji ta a haƙorana.

Mun tarar da Alhaji a kan benci a inuwa, yana cin gyaɗa. Ya miƙe ya yi mini gaisuwa, muka yi wa mamaci addu'a. Sannan ya kalli Auta.

“Kai gajere, ka sake kawo mini ita? Motar nan ta fi ka lafiya.”

“Kawu, wallahi yanzu ma da ƙyar muka iso. Tambayi Inna.”

Na ce, “Alhaji, gaskiya ya faɗa. Wata uku ina jin ta daga ɗaki, yau na ji ta da jikina. Ka duba ta a gabana, in ta mutu ka ce mini ta mutu, in san abin da zan yi da zuciyata.”

Ya daina dariya. Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ana jin gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kwance wani ƙarfe, ya tsoma yatsa, ya fito da shi da mai a jiki. Ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga a rana ya nuna mini.

“Uwargida, dubi nan. In haƙoran giya sun cinye, za ki ga garin ƙarfe yana walƙiya a cikin man nan kamar an barbaɗa kwalli. Akwai kaɗan, ban ce babu ba. Amma ba na mutuwa ba ne.”

Ya shiga ya zauna, bai tashi inji ba, ya riƙa kai sandar giya gaba da baya, gida bayan gida. Tana shiga sumul. Ya ce in da ciwon a cikin akwatin yake, ko inji a kashe sai ta yi gardama. Ya tashe ta, ya ce in shiga. Muka zaga ta bayan kasuwa muka dawo, ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Na rufe ido, wallahi sai na ji kamar Malam ne a gaba. Auta yana tsaye inda muka bar shi, fuskarsa kamar wanda aka ƙaryata a gaban alƙali.

Alhaji ya kashe mota, ya juyo ya dube ni.

“To ke da kika ji ta wata uku, ba ni labari. Da sanyin safiya ta fi yi, ko in ta yi zafi?”

“Duk ɗaya ne.”

“Da kaya ko ba kaya?”

“Da safe ba kowa a ciki yake fita, kuma tana yi. Yau mu biyu ne, ta yi.”

“A ina ta fi kuka?”

“In zai ja da baya daga gindin bishiya. Sai kuma in zai tashi daga tsaye.”

Ya gyaɗa kai ya ce wannan maganar kuloci ce, abin da ake takawa da ƙafar hagu kafin a canza giya. Ya ce aikinsa shi ne ya raba inji da giya, kamar yadda mai injin markaɗe ba ya sa hannu a ciki sai ya tsaya da juyawa. In bai raba su sosai ba, haƙora suna juyi ake cusa su cikin juna, dole su yi kuka. Ya taka shi sau uku yana saurare. Ya ce kulocin ya tsufa, sai an kai shi can ƙasa yake saki, amma ai yana saki.

Sai na ce, “Alhaji, ni ban san ƙarfe ba, amma na ga wani abu a hanya. In yaron nan zai canza giya, bayansa yana barin kujera. Kafaɗarsa ta hagu tana nutsewa, ƙugunsa ya zame gaba, kamar mai laluben takalmi a ƙarƙashin gado da ƙafa. Shekara nawa ina zama kusa da Malam, ban taɓa ganin bayansa ya motsa ba.”

Alhaji ya kalli Auta. Ya fito daga motar a hankali.

“Zo nan. Zauna. Taka mini kuloci.”

Auta ya zauna ya taka. Alhaji ya durƙusa a bakin ƙofa, ya leƙa, ya zura hannu ƙarƙashin abin takawar. Yatsunsa biyu suka shige tsakaninsa da ƙasa.

“Taka duka mana!”

“Na taka, Kawu.”

“Da me? Da babban yatsa?”

Alhaji ya danna da hannunsa, abin ya ƙarasa ƙasa, ƙafar Auta ta bar shi a baya. Sannan ya nuna wani wuri a shimfiɗar robar ƙasa, inda ta cinye ta yi rami.

“Ka ga wannan? Diddigen ubanka ne ya haƙa shi. Kai naka diddigen ko ƙasa ba ya taɓawa, a sama yake lilo. Inna lillahi! Sau biyu kana kawo mini ita ina zarginta, ban taɓa cewa ka tuƙa in gani ba. Laifina ne. Ni ƙafata da ta ubanka ɗaya ce, ina zan ji? Kai kuma, shekara biyar kana tuƙi, ba ka san ana matso da kujera ba?”

Auta ya sunkuyar da kai. Da ƙyar muka ji muryarsa.

“Na sani.”

“To?”

“Wurin Baba ne, Kawu. Yadda ya bar ta. Ranar farko na kai hannu ga ƙarfen, na ja kaɗan, ta ƙi motsi. Sai na ji kamar an ce mini bari. Ni da ko buzunsa ban taɓa takawa ba, zaman ma da nake yi a nan da nauyi nake yinsa. Na ɗauka ƙafata tana kaiwa.”

“Ko filo ba ka iya sawa a bayanka ba?”

“In jingina filo a inda bayansa yake?”

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya cire hularsa ya goge fuska da ita. Ya ce tsatsa ce ta riƙe ta, shekara da shekaru ba a motsa ta ba, yanzu zai zuba mai ya buga ta saki. Auta ya dafe kujerar da hannu biyu ya ce a yi masa rai, a nemi wata dabara, a ƙara wa abin takawar tsawo da katako ko wani abu. Alhaji ya ce shi ba zai ɗaura katako a inda rayukan mutane suke ba. Suka tsaya a haka, duk su biyun suka juyo suna kallona.

Ni ce na haife shi, ni na koya masa wannan kunyar. Ni ce nake finciko shi yana rarrafe in ya nufi shimfiɗar ubansa. Yanzu ga ta ta girma tana neman ta kore shi daga gida.

Na ce, “Auta, dube ni. Lokacin da kakanka ya rasu, ubanka ya gaji garmarsa. Kakanka gajere ne. Ubanka ya yi huɗa da ita yini ɗaya, ya dawo bayansa ba ya miƙewa. Washegari ya kai ta wajen maƙeri aka cire ƙotar aka sa doguwa. Na tambaye shi bai ji nauyi ba? Ya ce gona aka bar masa ya noma, ba ƙota aka bar masa ya yi gadi ba. Da wannan garmar aka ciyar da ku. Ɗaga hannunka, ni na ce a matso da ita. In akwai laifi, a wuyana.”

Auta ya ɗaga hannunsa daga kujerar. Sannan ya sauko, ya koma gefe ya tsuguna.

Alhaji ya zuba mai a kan ƙarafan da kujerar take zaune a kai, ya jira, ya ɗauko guduma. Ya buga sau ɗaya, sau biyu. A na huɗu ta yi wata ƙara ta zame gaba. Inda ta tashi sai ga ƙasan motar da launinsa na asali, rana ba ta taɓa cinsa ba, da busasshen goro guda da ɓawon rake. Ni da na ba da umarni, ni ce na kasa tsayawa. Na juya na fuskanci bangon gareji, na ja mayafi na rufe fuska. Ranar da aka fita da Malam ban yi kuka irin na ranar nan ba. Ba wanda ya ce mini in yi haƙuri, suka bar ni har na gama.

Alhaji ya canza wata 'yar roba a wajen kuloci, ya zuba masa mai, ya sa Auta yana takawa yana saki har iskar da ke ciki ta fita. Sannan ya ce ya ja mu. Auta ya yi bisimilla, ya taka, ya sa ribas. Shiru. Motar ta ja da baya kamar ana jan ta da igiya. Ta ɗaya ma shiru. Da ya zo ta biyu, sai ta ɗan yi gurnani.

Alhaji ya ce, “Wannan kam kai ka yi mata, wata ukun nan ka cinye mata baki. Ba za ta warke ba, amma ba za ta kashe ta ba. In ka fito daga ta ɗaya kada ka yi gaggawa, tsaya a tsakiya ka ja numfashi guda, sannan ka shiga. Tsohuwa ce, ba a yi mata tsawa.”

Da muka koma Toranke la'asar ta yi. Na aika aka kira babban, na ce ya shiga ƙaninsa ya kai shi Ajingi ya dawo da shi. Da suka dawo ya zo ya durƙusa, ya ce Auta ya gaya masa komai a hanya. Ya ƙara da cewa shi ma da shi ne, bai san ko zai iya taɓa kujerar ba. Ya aika wa mai yanka cewa an fasa. Da aka zo rabon gado, motar ta faɗa kason Auta, shi kuma ya bar wa 'yan'uwansa rabonsa na gonar bakin fadama. Bai tafi kudu ba.

Fasinja ba su dawo rana ɗaya ba. Mai nono ce ta fara, sauran suka biyo a hankali. Mai ƙwai kuwa ya riƙe rantsuwarsa har ya bar sana'ar.

Alhaji ya ƙara shekara biyu yana aiki, sannan idonsa ya yi rauni ya bar garejin ga ɗan ƙaninsa. Ya rasu a wata damina, Auta yana cikin masu ɗaukar makararsa. Babban yana nan yana noma, ya aurar da 'yarsa ta fari a Kademi. Motar ta yi wa Auta shekara huɗu, sannan injinta ya buga a hanyar Gaya da buhunan wake a bayanta, wannan karon ba wanda ya yi musu, aka sayar wa masu yanka. Da abin da ya samu a cikinta ya sayi wata ƙarama, ita yake ja har yau a wannan hanyar, 'ya'yansa sun zama biyar. Ni kuwa ƙafa ta ƙi, ban cika fita ba sai asibiti ko gidan rasuwa, in za ni kuma shi yake kai ni. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya kyautata namu zuwan.